Wankan Jego a Gidan Hajiya Uwani

Ba zan tsaya ba da labarin yadda muka baro gida ba, don duk barin gida kusan iri ɗaya ne. A ɗaure kaya, a yi addu'a, a yi kuka a bakin mota. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, sunana Asabe, Bahaushiya ce ni daga wani ƙauye a yankin Maraɗi ta ƙasar Nijar, kuma Kirista ce tun daga kan kakana. Na shigo Kano da cikin fari a shekarar da sojojin Nijeriya suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Innata kuwa, wadda ta haife ni, mun binne ta da daminar da ta gabaci wannan.

A wajenmu mai cikin fari ba ta haihuwa a ɗakin miji. In ciki ya tsufa sai a mayar da ita gidan iyayenta, ta haihu a can, uwarta ta yi mata wankan jego safe da yamma har kwana arba'in, sannan a maido ta ɗakinta da gara. Mun taso muna jin cewa macen da ba a gasa ba sanyi ne zai shige ta, jiki ya kumbura, daga nan sai abin da Allah ya yi. An ce haka ƙanwar innata ta tafi. To ni ga ciki, ba uwa, gidanmu kuma ya watse, yayyena maza kowa ya kama gabansa. Tun daga kan iyaka ta Jibiya har cikin Kano tambaya ɗaya ce take yi mini yawo a ka, wa zai yi mini wanka? Ban faɗa wa maigidana ba, don ba magana ce da mace take yi da miji ba.

Maigidan nawa kafinta ne, sunansa Ishaku. Bakina bai saba faɗin sunan ba, amma na ga alƙalami ba ya jin kunya. Wani ɗan ƙauyenmu da ake kira Sale Dogo shi ya zo ganin gida ya cika masa kunne, wai farar hula sun hau, kwangila ta ɓarke a Kano, kafintoci har nemansu ake yi gida gida. Ya ce akwai wani gini a Hotoro da yake jiran hannun Ishaku kawai.

Zangonmu na farko a Kano bencin mai shayi ne. Sale ya tarye mu a tasha cikin shadda mai maiƙo, ya kawo mu Gyadi-Gyadi, ya zaunar da mu a bakin titi wajen wani mai shayi. Hotunan 'yan takara na nan manne a kowane bango, wasu ruwa ya cinye musu rabin fuska. Sale ya dubi akwatin kayan aikin Ishaku ya ce, "Kawo in kai wa oga ya gani. In ya ga kayan aiki zai san da gaske kake." Ishaku ya miƙa masa, har da taya shi ɗaurewa a bayan babur. A cikin akwatin nan akwai zarto da guduma da duk ƙarafan da ubansa ya yi aiki da su har ya mutu. Har yau da nake wannan rubutu Sale yana kan hanyar dawowa.

Da rana ta yi sanyi Ishaku ya gane. Bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa yana kallonsu, can ya sunkuyar da kai ya roƙi Allah ya gafarta wa Sale. Ni ban ce amin ba. Na daɗe ban ce ba, kuma Ubangiji ya san dalilina.

Mai shayin, Malam Idi, yana ta kallonmu tun safe. Da ya ji muna magana ƙasa ƙasa sai ya matso ya ce, "Ku mutanen Maraɗi ne ko?" Ashe shi ma ɗan ƙasarmu ne, daga wajen Tawa. Ya haɗa mini shayi mai kauri da madara, ya yanko burodi, ya hana Ishaku sa hannu a aljihu. Muka kwana a rumfar da yake ajiye itace. Da gari ya waye ya rufe tukunyarsa da faifai ya ce mu biyo shi, akwai wata hajiya mai ɗakin haya da take jin maganarsa.

Gidan Hajiya Uwani shi ne zango na biyu, kuma ashe shi ne na zama. Tsohon gida ne na ƙasa da aka shafe da siminti, da rijiya da bishiyar darbejiya a tsakiya, ɗakuna a jere hagu da dama. Yawancin 'yan hayar ma'aikatan babban asibitin koyarwa ne da ɗalibai, masu fita da fararen kaya su dawo a gajiye. Mijin Hajiya ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza suna nesa. Sana'arta alkaki da nakiya da dubulan na biki, saboda haka kullum gidan yana ƙamshin mai da zuma. Doguwa ce, mai kaifin ido, ba ta dariya sai abin ya cancanta.

Malam Idi ya yi mata bayani, ya ce shi ya tsaya mana har Ishaku ya samu abin yi. Ta nuna wani ɗan ɗaki da yake fuskantar nata. Kafin mu ɗauki kaya Ishaku ya durƙusa ya ce, "Hajiya, gara ki sani tun yanzu, mu Kirista ne."

Ta dubi mayafina, ta dubi tsagar da ke fuskata, ta sake dubansa. Ta ce, "Da wannan Hausar a bakinku?"

Ya ce, "Da ita aka haife mu, Hajiya."

Ta ce, "Ikon Allah. To, ba a dafa mini burkutu a gida, ba a shigo mini da naman da ba a ci. In kun kiyaye wannan, ɗaki ɗaki ne."

Raina ya ɓaci, don babana har ya mutu ko goro bai cika ci ba balle giya. Amma wanda ya kwana a rumfar itace ba ya zaɓen kalmomin mai gida, sai na haɗiye. Daga ranar ta raɗa mini suna 'yar Faranshi, saboda nakan manta, sai in kira abubuwa da sunan da muke kiransu a can Nijar. Ba ta taɓa wulaƙanta ni ba. Tana amsa gaisuwata, tana aiko mini da ɗanɗanon alkaki in ta sauke. Sai dai ba ta taɓa shiga ɗakina ba, ni ma ban taɓa wuce labulen nata ba.

Ranar Lahadi ta farko na tashi da murna kamar yarinya. A ƙauyenmu gidaje kaɗan ne masu bi, muna taruwa a wani ɗaki mai rufin kwano, in mutum ɗaya ya yi zazzaɓi sai waƙa ta rage ƙarfi. An ce mana akwai coci a Tarauni da ake sujada da Hausa, tun daga nesa kuwa muka jiyo ganga da muryoyin mata. Na ce a raina yau na iso gida. A bakin ƙofa wani saurayi mai tsaro ya tare hanya, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Hajiya, wa kike nema?"

Lokacin garin yana zaman ɗar-ɗar, maganganu suna ta yawo, kowa yana kallon baƙuwar fuska sau biyu. Yanzu na fahimci yaron. A ranar kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Sai da wani dattijo ya fito ya yi wa Ishaku tambayoyi sannan aka bar mu muka shiga. Na zauna a ɓangaren mata, na ga an ɗan matsa an bar fili tsakanina da su.

Waƙa ce ta cece ni. Aka ɗauko wata tsohuwar waƙa da babana yake tashinmu da ita kowace safiya. Ba ni da littafin waƙa, amma na bi ta baiti baiti har ƙarshe, har da baitin da yawancinsu sai sun duba. Wata tsohuwa gajera mai tabarau da ke gefena ta daina waƙar tana kallon bakina. Da aka tashi ta kama hannuna ta ce, "Ashe akwai irinku." Ita ce Mama Ladi, tsohuwar malamar firamare daga Kudancin Kaduna, shugabar zumuntar mata, tana zaune a Unguwar Gano.

Daga nan suka karɓe ni, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma karɓar tana da ɗan ƙaiƙayi. Ko'ina aka gabatar da ni sai a ce, "Ga 'yar'uwarmu Bahaushiya." Wata ta taɓa tambayata wai yaushe na tuba. Na ce mata kakana ne ya tuba, ni a ciki aka haife ni, kamar yadda aka haife ta. Ta yi dariya, amma na ga ba ta gamsu ba. Haka na zauna, a gida ni ce Kirista, a coci ni ce Bahaushiya.

Ta hanyar cocin ne Ishaku ya tashi tsaye. Dattijon nan da ya yi masa tambayoyi a ƙofa shi ya ara masa kayan aiki, ya fara da gyaran bencina. Daga baya wani mai gini ya ɗauke shi aikin rufi can gaba da Wudil, sai ya yi makonni bai zo ba. Na gode wa Allah da aikin, amma ɗakin ya yi mini faɗi duk ƙanƙantarsa. Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba. Ba manyan abubuwa nake tunawa ba, sai furar da innata take damawa da nonon da aka tatso da safe, da yadda take tari kafin ta ɗaga labule. In na ji wata ta yi irin tarin a waje sai gabana ya faɗi.

Littafi Mai Tsarki na innata yana wajena, bangonsa ya mutu har an ɗinke shi da zare. Akwai wurin da Yesu ya yi wa waɗanda suka bar gida da uwa saboda shi alkawarin za su sami ninkin haka tun a duniya. Na sha karanta wurin ina gardama da shi. Nakan ce, Ubangiji, na sani ni ba don bishara na bar gida ba, don tuwo ne, saboda haka ban ce ka ninka mini ba. Guda ɗaya tak nake roƙo, mai iya riƙe ganye.

Naƙuda ta zo mini da hantsi, Ishaku ba ya gari. Wata ma'aikaciyar jinya da ke haya kusa da ɗakina, Sista Binta, ita ta ga yadda nake dafa bango. Ba ta tambaye ni komai ba, ta yafa mayafi ta tsayar da tasi. Kafin la'asar na haifi 'ya mace lafiya. Washegari aka sallame mu, aka ba wani direba saƙo ya kai wa Ishaku.

'Yan barka sun zo, ba a bar ni ba. Maƙwabta suka shigo suka ce barka da arziki, suka ajiye sabulu, suka fita. Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi wa jaririyar addu'a, ta aiko da kunu. Da yamma matan zumunta suka cika ɗakin, suka yi waƙa, suka yi addu'a, suka ajiye atamfa da kayan jarirai, suka tafi. Babu wadda ta ɗora tukunya a wuta. Babu ma wadda ta ambaci wanka.

Mai karatu zai ce me ya hana ni magana. Kunyar ɗan fari ce. Mai haihuwar fari a wajenmu ba ta ɗaga kai a gaban mutane, ba ta kallon abin da ta haifa, in an yi mata barka ko amsawa ba ta yi sai a amsa mata. Balle ta buɗe baki ta ce a zo a yi mata wanka. Haka aka tarbiyyantar da ni, kuma ina ganin in na karya wannan na tozarta innata a kabarinta. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, kunyar nan don mai uwa aka yi ta. Uwar ce take magana a madadinta.

Kwanaki suka fara tafiya, ina ɗan goge jiki da ruwan ɗumi a ɓoye. Sai na ga ƙafafuna sun hau. Na danna yatsa a ƙaurina, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na tuna ƙanwar innata, na dubi 'yar da ke barci a gefena, na ce wannan ita ma za ta tashi ba uwa ke nan, kuma a ƙasar da ba ta da kowa. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

Da safe na jira 'yan aiki suka fita, Hajiya ma ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Na jawo rabin duron da take dafa ruwa a ciki na ɗora a murhu. Na ja ruwa a rijiya guga bayan guga, ina ji kamar cikina zai zazzago. Na karyo ganyen darbejiya, na hura wuta da itacenta. Da ruwan ya tafasa na kwashi bokiti guda na nufi banɗaki. Ban kai ba. Gidan ya juya mini, na ji ƙafata ta ɗauki wuta, sai ga ni a ƙasa cikin laka, jaririya tana tsala kuka a ɗaki, ni kuwa na kasa tashi.

A haka Mama Ladi ta yi sallama da kular gwaten acca a hannu, Hajiya tana biye da ita daga wajen gaisuwa. Su biyu suka kama ni suka jingina da bishiya. Ihun Mama ya tashi Sista Binta, wadda ta dawo daga aikin kwana tana barci. Ita ta yi ta zuba wa ƙunar ruwan sanyi. Tun ba ta gama ba tsofaffin nan suka juya wa juna.

Hajiya ta ce, "Baiwar Allah, kullum kuna cika mini gida da waƙa, ashe ko ruwan zafi ba ku ɗora wa yarinyar nan?"

Mama Ladi ta gyara tabarau ta ce, "Mu? Hajiya, yarinya Bahaushiya, a tsakiyar Hausawa. Na ce wa matanmu kada wadda ta sa hannu, kuna da naku wankan mai ganye, kada mu ɓata muku al'ada."

Hajiya ta ce, "Ni kuwa cewa na yi ku Kirista na asibiti ne, ba ku yin wankan jego. Na hana matan layin nan yi muku shisshigi."

"Wa ya ce miki ba ma yi? Ni da na gasa 'ya'yana da jikokina?"

"To wa ya ce miki ni na san ana so?"

Sai Hajiya ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma 'yar Faranshi, bakinki ciwo yake?" Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a zanena. Ta daɗe tana kallona, sannan muryarta ta sauka. "Au. Ta fari ce. Kunya take yi." Ta tsuguna a gabana, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. "Ina mahaifiyarki, da ba ta zo ba?"

Na ce, "Ta rasu, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin mu zo."

Ta ce, "Innalillahi. Duk watannin nan kina gabana ban tambaya ba." Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta dubi Mama Ladi. "Ɗauko mini jaririyar. Binta, kwaso kayanta." Da kanta ta ɗaga labulen ɗakinta, wanda ban taɓa wucewa ba, ta ce, "Shiga. Daga yau kin zo wanka gida."

Sista Binta ta ɗaure ƙafar, ta auna jinina, ta ce kumburin zai sauka in na huta, amma ta kafa sharaɗi. Ba za a yi mini da tafasasshen ruwa ba, kuma kanwa a kunu sai ɗan kaɗan. Hajiya ta ce, "Mu da aka gasa mu da tafasasshe mun mutu ne?" Binta ta ce, "Hajiya, waɗanda suka mutu ai ba sa nan balle su ba ki amsa." Hajiya ta harare ta, ta kira ta marar kunya, amma kullum sai ta sa gwiwar hannu ta gwada ruwan kafin ta tsoma ganye.

Da yammar ranar aka yi mini wankan farko, ƙafar mai ƙuna a ɗage kan turmi. Da ganyen nan mai zafi ya sauka a bayana, ƙamshin darbejiya ya tashi, sai na fashe da kuka. Hajiya ta ce, "Ya yi zafi ne?" Na girgiza kai. Ba ta sake tambaya ba, ta ci gaba da fyaɗawa.

Suka raba aikin ba tare da sun zauna shawara ba. Safiya ta Hajiya ce. Yamma ta Mama Ladi ce, tana takowa da ƙafa daga Unguwar Gano, ta zo da nata salon na tawul mai zafi da take danna mini ciki da shi har in ga taurari. Ba ranar da ba su yi musu ba. Hajiya ta ce acca abincin tsuntsaye ce, mai jego tuwo take so da nama da yaji. Mama ta ce yajin Hajiya zai iya kashe doki. Ni dai ina tsakiya ina cin duka biyun. Ranar da Mama ta nemi izinin yin addu'a a ɗakin, Hajiya ta ce, "Ku yi abinku, amma ban da ganga." Ita ma in lokacin salla ya yi sai ta shimfiɗa dardumarta a gefen gado, Mama ta ɗauki jaririya ta yi shiru har ta sallame.

Saƙo bai isa wajen Ishaku da wuri ba, sai ana jibi suna ya iso. Ya tarar da ɗaki wayam, ya fito a rikice. Da aka nuna masa inda nake ya nufo kai tsaye, Hajiya ta tare ƙofa. Ta ce, "Malam Ishaku, haka ake shiga gidan surukai a Faranshi?" Ya tsaya sororo, sannan ya gane. Ya koma baya, ya cire takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta. Sai da ta ja masa rai sannan ta miƙo masa 'yar. Haka ya yi ta kwana shi kaɗai a ɗakinmu, yana zuwa gaisuwa da safe kamar mai neman aure. Ranar suna fasto ya zo da dattawan coci, Hajiya ta ba su zaure da tabarmi, Malam Idi ya kawo shayi. Aka sa wa yarinya sunan innata. Sunan ya zama haramun a bakina ta hanya biyu, ga shi na uwa, ga shi na 'yar fari, sai Hajiya ta ce a riƙa kiranta Ummi.

A kwanakin nan na koma ga littafin innata da wani ido. Na tsaya a wurin da Yesu yana kan gicciye, cikin azabar da ba ta misaltuwa, amma bai manta ya sama wa mahaifiyarsa gidan da za ta zauna ba. Da can ina karanta wurin in wuce. Yanzu na ga ashe maganar wa zai kula da wa ba ƙaramar magana ba ce a wurinsa. Na roƙi guda ɗaya, ina tsammanin daga bencin coci za ta fito, in ma za ta fito. Ya ba ni ta bencin coci, ya ƙara mini da wadda take fuskantar gabas sau biyar a rana. Ban san yadda malaman tauhidi za su lissafa wannan ba. Ni dai na gode, kuma har gobe ina godiya. A cikin kwanakin ne ma na samu na ce amin ɗin nan da na riƙe wa Sale Dogo, don ba don ya yasar da mu a bencin Malam Idi ba, da ban san ƙofar gidan nan ba.

Kumburi ya sauka, ƙuna ta warke ta bar tabon da yake ƙafata har yanzu. Ana saura kwana kaɗan arba'in na ga Hajiya ta hau suya ba dare ba rana, na ɗauka wani biki aka ba ta. Ranar da na cika arba'in aka yi mini kitso da lalle. Da la'asar sai ga matan zumunta cikin ankonsu, ɗauke da acca da doya da manja. Matan layi suka fito da shinkafa da man gyaɗa. Hajiya ta buɗe fantekoki, alkaki da nakiya da dubulan har baki. Sai a lokacin na gane gara ce, tawa.

Na goya Ummi na nufi ɗakinmu, wanda ga shi nan ana hangen ƙofarsa. Hajiya ta riƙo mayafina. Ta ce, "Ina za ki? A tsallaka tsakar gida shiru kamar an sato akuya? Ta zaure za a fita, a bi ta bakin titi a zagayo. Sai unguwa ta san yarinyar nan daga gida aka maido ta."

Haka aka yi. Muka fita a jere, kaya a ka, masu mayafi da masu anko a cakuɗe. Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa, matan zumunta suka ɗauko waƙar nan ta babana a hankali, ba ganga. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Wani mai kanti ya tambaya daga wane gida, aka ce gidan Hajiya Uwani. Ya ce zuwa ina, aka ce gidan Hajiya Uwani. Malam Idi ya bar tukunyarsa ya tsaya a bakin titi yana dariya yana share ido da hannun riga.

Muka sake shigowa ta zauren da muka fita. Ishaku yana durƙushe a ƙofar ɗakinmu. Hajiya ta kama hannuna na dama, Mama Ladi ta kama na hagu. Hajiya ta ce, "Malam Ishaku, ga 'yarmu nan mun maido maka lafiya, ita da 'yarta. In ta yi maka laifi ka kawo ƙara gida. In kai ka yi mata, ka sani tana da wurin zuwa."

Mama Ladi ta ce, "Wuri biyu ma."

Ishaku ya ce ya ji, ya gode. Ni kuwa kaina yana cikin mayafi, kuma wannan karon kunyar ta yi daidai, don akwai masu magana a madadina.

Da mutane suka watse na ga murhuna ya yi kwana arba'in ba wuta. Na ɗauki kasko na tsallaka tsakar gida neman garwashi. Hajiya tana tsugune a gaban murhunta ta ba ni baya, tana kankare tukunya. Na tsaya, na buɗe baki zan ce Hajiya, sai na ji na ce, "Inna."

Ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Na'am. Ɗebi na gefen nan, ya fi kamawa."